Ɓerayen Aikina da Ƙirjina

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Inna, ya yara? Autanki ya fara tafiya kuwa?

Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Kin tambayi abin da nake yi da ɓeraye. Akwai wani ɗan maiƙo da jiki ke fitarwa, idan ya taɓa wata 'yar ƙofa a fatar ƙwayoyin halitta, sai su amsa, hanyar numfashi ta matse. Ƙofar nan nake nazari, ko a dace da abin toshe ta.

Sai dai kwanan nan, da na shiga ɗakin ɓerayen sai ƙirjina ya riƙe. Jiya sai da na zauna a matakala ina shaƙar magani. Likita ta ce, "Gashinsu ne, ki bar ɗakin." Malamina ya ce za mu duba. Ba wani abu ba ne, amma in na bari, wahalar shekarun nan ta tafi a banza.

Don Allah kada Inna ta ji. Ki dai tambaye ta cikin hira yadda asmar Baba ta fara, Allah ya jiƙansa. Shi ma da fito ƙirjinsa ya fara da safe?

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki