Karan da Na Hana Karsanarki, Uwani

Zuwa ga 'yata ta fari, wadda ban taɓa kiran sunanta na yanka ba saboda sunan mahaifiyata ne. Assalamu alaiki, Uwani. Bayan gaisuwa da roƙon rahamar Allah gare ki, ina rubuto miki da hannun da ya koyi riƙon alƙalami a makarantar dare bayan na yi furfura. Na zo da albishir, amma sai na fara da abin da zai ɓata miki rai.

Karsanar da kika bar wa 'yarki Balki ta mutu.

Sanƙarau ɗin da ya ɗauke ki bai bar Balki haka nan ba. Ta tashi, amma kunnenta ɗaya ya toshe, ɗayan ma sai an matso. Daga nan ta daina magana. A lakwal, makarantar boko, tana can baya, mushe malaminsu na faɗa da Faransanci, yara na maimaitawa, ita tana motsa leɓe kawai. Ubanta ya bugo waya daga wurin ci-rani, ya ce in ruwa ya sauka zai kai ta Damagaram ta riƙa yi wa yayarsa aikace-aikace, tunda bokon ya ƙi ta.

Daminar bara kuma kin huta da ganinta. Gero ya tsaya iya gwiwa. Kin san ajin ƙananan yara a nan Yekuwa da karan gero muke kafa shi bayan girbi, kowane gida ya kawo dami. Bana ba wanda ya kawo, kowa ya ɗora nasa bisa itace, ya ajiye wa dabbobinsa abinci. Ban ga laifin kowa ba.

A haka aka turo mana Madam Hadiza. 'Yar garin Kwaya ce, uwarta mai tuyar ƙuli-ƙuli. Ta gaya mini ita ma ta yi shekaru a aji ba ta fahimtar komai, tana rera karatu kamar waƙa, don ba wanda ya taɓa tambayarta abin da ta sani. Shi ya sa da tambaya take fara darasi, kuma da Hausa. Tana raba yara ƙungiya-ƙungiya a tabarma, suna fuskantar juna, su yi ƙirga da ƙwallon aduwa, su yi gardama, ita tana zagayawa. Dattawa suka ce kasuwa aka buɗe mana.

A gindin gawo ta fara, iska na kwashe murya. Ta same ni a ƙofar gida ta ce, “Baba, jikarka da ido take ji. In na samu inuwa da bango, yara za su zama littafinta.”

Sai na sauke karanmu duka, wanda na ajiye wa karsana, na ɗora a amalanke, muka kafa rumfar aji da shi. Da bazara ta tsananta, karsana ta kwanta, muka riƙa ɗaga ta da itace safe da yamma har ta daina taimakonmu. Balki ta zauna kusa da ita, ba hawaye, ba magana. Gadonta ne na ciyar da rumfa, Uwani, kuma ban shawarci kowa ba.

Yanzu ga albishir. Madam takan gayyaci iyaye su koya wa yara abin da suka iya. Ni aka kira in nuna tufkar igiyar rijiya. Da na gama, ta miƙo mini alli in rubuta sunan abin a allo. Na dage na rubuta. Sai wata murya ta fito daga tabarma, da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa: “Kai tsoho, ka ci harafi! Wannan mijin nawa ba ya ja, na sake shi!” Balki ce ta taso ta karɓe allin ta gyara, yara na ta shewa. Uwani, muryarki ce sak. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, na rufe fuska da hula.

Ran kasuwa ubanta ya bugo salula, yana faɗan karsana. Na kira Balki na sa mata salular a baki, ta karanta masa abin da ƙungiyarsu ta rubuta game da awaki, tana tsayawa tana ci gaba. Sannan ya ce, “Baba, a bar ta zuwa baɗi.”

Zuwa baɗi kawai ya ce. Ruwan farko zai rushe rumfar, rumbu ya kusa ƙasa, kuma ban san ko za a bar mana Madam ba. Amma na karɓa da hannu biyu.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yalwata miki shi. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya saka wa Madam Hadiza da alheri, ya ara mini kwana in raka Balki aji na gaba.

Naki, mahaifinki mai kewarki,
Malam Idi na bakin rijiya.