Naƙudar da Hansai ta ɓoye

Daga Marka a Bakori zuwa ga yayana Maitama a Gwanja. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya. Malam Abdussamad ke rubuta mini, ayarin Ɗanjuma zai kawo maka. Mu nan ƙalau, dawa ta yi kyau bana.

Bayan haka, Yaya, ka yi hamdala, 'yarka Hansai ta sauka, an sami mace, uwa da 'ya suna raye. Saura ƙiris in aiko maka da wani labarin daban. Ka san ta dawo wurina goyon ciki. To ashe kwana biyu yarinyar nan tana naƙuda ba wanda ya sani, wai kunyar haihuwar fari. Tana daka, tana ɗebo ruwa, in ciwo ya murɗa ta sai ta zagaya bayan rumbu ta ciji zane. Daga baya na yi faɗa har na gaji, amma laifinmu ne, mu muka koya mata mace tagari ba a jin nishinta.

Rana ta uku da hantsi na same ta durƙushe, ƙarfi ya ƙare. Tsohuwa ungozoma ta ce ciwon gishiri ne ya tare hanya, sai an yi mata yankan gishiri, ta ɗauko aska. Na tare ta na ce sai dai a fara yanka ni, domin a gabana maƙwabciyarmu Uwa matar Sada ta rasu bayan yankan nan, jini ya ƙi tsayawa. Aka ce na raina manya. Na ji, wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani gudu yake. Na aika aka kira wata Bamagujiya mai hannu daga ƙauye. Ta taɓa cikin ta ce ɗan a karkace yake, ta yi ta murzawa da man kaɗanya har ya juya. Kafin la'asar muka ji kuka. Mabiyiya ta yi gardama, jini ya zuba har na fara salati, sannan Allah ya tsayar. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Yau kwana goma sha biyu, tana wankan jego, har ta fara yi mini tsiwa. Baba Isyaku da Lawal suna gaishe ka, ka gai da Maharazu. Hansai ma ta ce a gaishe ka, kuma da bakinta ta faɗa.

Ƙanwarka,
Marka