Kafaɗar Baba

Litinin, 3 ga Maris

Fasto ya zo duba Baba da yamma. Ya riƙe hannun da ya shanye, ya yi addu'a, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ɗana, ka bar wa Ubangiji komai." Ni kuwa bakina ba shi da birki. Na ce, "To a bar masa har da wankin zanen gadon." Mama ta ajiye ruwan da ta kawo masa, ta fita ba ta dube ni ba. Fasto murmushi kawai ya yi. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Baba yana kwance yana jin komai. Magana ce ta tafi, ba kunne ba. Sai da na gama zuba na tuna.

Alhamis, 6 ga Maris

Na samo wani tsohon littafin jinya wurin mai shimfiɗa littattafai a bakin titi, ko bango ba shi da shi. Akwai babi guda a kan shanyewar ɓarin jiki. Ni da na koyi karatu da allunan shaguna da takardun naɗe kaya, wannan ba zai gagare ni ba. Littafin ya ce gaɓar da ba a motsa ta sandarewa take yi. Malamar motsa jiki ta asibiti kullum "a hankali, a hankali." Har yaushe? Mu a shagon walda, ƙarfe in ya ƙi lanƙwasa ba lallashinsa muke yi ba.

Baba zai riƙe cokali da hannun nan, ko an yi addu'a ko ba a yi ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Ban je coci ba. Yaya ta kira ni da sunan tsokanar da ake mini a gida, ta ce, "Tartsatsi, yanzu har da Allah kake gaba?" Na ce ba gaba ba ce, aiki ne ya yi mini yawa, ga nawa ga nasa. Ba ta yi dariya ba.

Laraba, 12 ga Maris

Ina ɗaga masa hannun har ya wuce inda malamar ta nuna. Yana runtse ido, yana wani nishi ta hanci. Na ce, "Baba daure, zafin shi ne maganin." In zan zaunar da shi kuma, hannun nake kamawa in jawo, ya fi sauri. Mama ta ce ba haka aka koya mana ba, ta baya ake tallafo shi. Na tambaye ta ita me ta taɓa karantawa.

I, haka na ce wa uwata. Na rubuta don in gani da idona.

Alhamis, 13 ga Maris

Kafaɗar ta kumbura. Ba ya bari ko riga ta taɓa wurin.

Juma'a, 14 ga Maris

Asibiti. Malamar ta dube shi, ta sa yatsa a wani rami da ya fito a saman kafaɗar, yatsan ya shige. Ta ce kafaɗar ta goce. Naman da ke riƙe ƙashin ya saki tun ranar da ciwon ya same shi, hannun a rataye kawai yake, jan sa kamar jan ƙofar da ke kan ƙusa ɗaya ne. Ta ce aikin da aka yi a baya ya tafi, kuma ba ta yi mana alkawarin komai ba.

Sai ta ce, "Wa ke ɗaga shi a gida?"

Ni mai baki, ni da ake cewa ko kujera na samu sai na yi mata gardama, na tsaya ina kallon tayal ɗin ƙasa. Mama ta ce, "Mu duka ne." Matar da ko mai tallan da ya yi mata ƙari bisa kuskure sai ta bi shi ta mayar. Yau ta yi ƙarya saboda ni, a gaban mijinta da ba zai iya cewa ba haka ba ne.

Da muka dawo na buɗe littafin. Gargaɗin yana nan, a ƙasan shafin da na kusan haddacewa. Idona ya tsallake shi ne don bai yi mini daɗi ba.

Talata, 18 ga Maris

In na shiga ɗakin, Baba sai ya kai hannu mai lafiya ya rufe marar lafiyar. Ba harara, ba komai. Rufewa kawai. Mutumin da ya goya ni a wuyansa.

Yaya ce ke ɗaga shi yanzu. Ni nawa ɗebo ruwa da shanya.

A shago na lalata ƙofar mutane, na liƙa ta a karkace. Maigida ya ce, "Yau shiru? Ku duba ko an canza mana shi a hanya." Yaran shago suka yi ta dariya. Na ci gaba da aikina, sai suka daina.

Lahadi, 23 ga Maris

Na je coci. A bencin ƙarshe na zauna, kusa da ƙofa, don in sulale kafin a tashi. Fasto ya riga ni bakin ƙofar, tsohon nan akwai sauri. Ya ce, "Ya mai jiki?" Na faɗa masa duka, har da abin da na ce wa Mama. Ina jiran wa'azi. Sai ya ce shi ma da ya yi jinyar matarsa, kullum ji yake in ya saki jiki na minti ɗaya za ta mutu, kamar shi ke riƙe da numfashinta. Ta rasu yana wurin sayo magani. Ya ce, "Ashe ba ni ke riƙe da ita ba. Wani ne, kuma bai sake ta ba."

Na kama hanyar gida.

Laraba, 26 ga Maris

Yaya ta koma gidanta, ɗanta ba lafiya. Mama ba ta iya ɗaga shi, bayanta na ciwo. Da safe ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce, "Sai kai." Shi ke nan abin da ta ce.

Na shiga, ya rufe hannun. Na rasa yadda zan yi, sai na durƙusa a gefen gadon don kada in tsaya masa a ka. Ban san lokacin da na ce, "Yesu, ban iya ba. Na gwada, ka ga abin da na yi. Ka riƙe shi kai, ni zan bi a hankali."

Baba ya daɗe yana kallona. Sai ya janye hannu mai lafiyar daga kan marar lafiyar.

Na tallafo shi ta baya, na sa matashi a ƙarƙashin gwiwar hannun. Mun ɗauki lokaci, na makara a shago, Maigida ya yi faɗa na ba shi haƙuri. Yatsun ba su motsa ba. Wataƙila ba za su motsa ba har abada, kuma ba ni zan sa su ba.

Ba addu'a na yi ba fa, magana ce ta kuɓuce mini. Amma Baba ya yi wani sauti da ya yi kama da amin, ni kuma ban musa ba.