Bulo da Siminti

Bow, Landan
3 ga Oktoba, 1994

Zuwa ga mijina Giles,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma aikin Brussels bai hana ka cin abinci a kan lokaci ba. Yaya ciwon bayan? Ni ƙalau nake, sai gajiya.

Likita ya ce zuciyar Baba ta kusa tsayawa. Makonni suka rage, ba watanni ba. Na ɗauki hutu daga jarida, na dawo gidan da aka haife ni. Yana cin abin da na dafa, yana karɓar magani daga hannuna, sannan ya ce, "Na gode, Madam." Wata goma sha huɗu ke nan bai kira ni da sunan da ya raɗa mini ba, kuma shi kaɗai nake so in ji kafin ya tafi.

Ka sha tambayata abin da ya haɗa mu, ina ce maka ba komai. Yau ga shi a rubuce.

Shekara ashirin kana kwaikwayon zaurancen kasuwarmu a gaban abokanka, ba ka taɓa gane ƙa'idarsa ba. Ana ɗaukar kalmomi biyu, ta ƙarshen ta amsa amo da abin da ake nufi. "Kare da ƙashi" waya ce, domin a Turancinmu ƙashi da waya ƙarshensu ɗaya. "Farantin tangaran" aboki ne. Abin da baƙo bai sani ba shi ne, ɗan gida ba ya ƙarasawa. Zai yar da rabin da ke ɗauke da amon, ya ce "kare" ko "tangaran", ya yi shiru. Sauran rabin yana cikin kan wanda ake yi wa magana. Duk wanda aka ƙarasa masa, an gaya masa cikin ladabi cewa shi ba namu ba ne.

'Ya mace kuwa "bulo da siminti" ce. Tun ina zama a kan akwatin tuffa a bayan teburinsa a kasuwar Roman Road, Bulo yake kirana. Na tafi jami'a, na wanke bakina daga maganar kasuwa, na auri mutum irinka, bai canza ba.

Bara edita ya nemi shafi guda a kan asalin zaurancen. Na yi aikin yadda aka koya mini. Na rubuta cewa wasu suna danganta shi da ɓarayi masu ɓoye wa 'yan sanda magana, wasu da 'yan kasuwa masu ɓoye wa mai saye, kuma babu mai ƙwaƙƙwarar hujja. Sai na jera kalmomi sittin daga bakin Baba, kowace da cikonta da ma'anarta. Na rufe da tawa, ta bulo, domin na san za ta taɓa masu karatu. Babu kuskure ko ɗaya a shafin. Sau uku na duba.

Asabar ta gaba mutane suka zo teburinsa da jaridar a hannu. Wata mata ta ce, "Don Allah faɗi ta 'yarka ɗin nan." Ya faɗa mata cikakkiya, a hankali, ya auna mata dankali. Da na iso, ya dube ni ya ce, "Sannu da zuwa, Madam. Me za a auna miki?"

Ka kula da kanka. Ka gaida matar da kake haya a gidanta, ka ce na gode da shayin.

Matarka,
Lorraine


Bow, Landan
19 ga Oktoba, 1994

Giles,

Ina gaishe ka, da fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarka ta iso. Ka ce labarin yana da daɗi, ya kamata in yi littafi da shi. Na karanta wannan layin sau biyu, na ajiye takardar a ƙarƙashin tukunyar shayi.

Ƙafafun Baba sun kumbura, ba ya sauka ƙasa. Jiya da hantsi Monsur Miah ya zo. Ba ka san shi ba: mutumin Sylhet ne, can ƙetaren teku, shekara talatin yana sayar da yadi a teburin da ke jikin na Baba. Tun daga matakala na ji muryar Baba ta dawo.

"Tangaran! Shigo mana, ka tsaya kamar ɗan sandan kasuwa."

"Wally, tsohon banza, cewa aka yi ka mutu. Na zo in ɗauki sikelin."

"Sikelin da ba ka iya karantawa? Yaya aka yi fitina ta bar ka ka fito?"

"Ita ta koro ni. Ta ce in gaya maka kabejin mutumin da ya karɓi teburinka ya fi naka."

"Ƙarya take, kai ma ƙarya kake. Zauna."

Fitina matarsa ce. Cikon shi ne "da rigima". Ina tsaye a bakin ƙofa da tire, ina ƙarasa kowace kalma a zuciyata kafin su rufe baki. Mutumin da ya sauka daga jirgin ruwa ba ya jin Turanci, shi ake ba rabi. Ba na jin haushin Monsur. Shekara talatin ya yi yana daskarewa da sanyi a gefen Baba kafin ya samu.

Sai waya ta yi ƙara a ƙasa. Na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, kare na kuka. In ɗauka?"

Ya ce, "Waya ce, Madam. A ɗauka mana."

Fassara ya yi mini, Giles, a gaban mutum.

Da na raka Monsur ƙofa ya ce, "'Yar Wally, ki ba shi haƙuri kawai. Haƙuri tsura, ban da dalili. Ku 'yan jarida ba ku iya ba." Na hau, na zauna a bakin gado, na ce na yi kuskure. Da ma nan na tsaya. Amma sai na ji bakina yana cewa yaran yanzu ba sa yin zaurancen, in ba a rubuta ba zai ɓace, don shi na yi.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Shekara arba'in da biyar ina riƙe da rabi, kina riƙe da rabi. Kika raba wa duk Ingila naki, washegari aka naɗe soyayyen kifi da jaridar. Yanzu me zan bar miki ki ƙarasa?"

Ya juya fuska bango. Na ɗauki tiren na sauka, ni da nake gyara wa mutane jimla tun ina shekara ashirin da uku.

Ka huta lafiya.

Lorraine


Bow, Landan
8 ga Nuwamba, 1994

Zuwa ga Giles,

Bayan gaisuwa, ina fatan murar da ta hana ka zuwa ta yi sauƙi. Mun binne Baba jiya. 'Yan kasuwa sun rufe tebura, sun tsaya a jere da huluna a hannu har keken dokin da ke ɗauke da gawar ya wuce.

Furanninka sun iso, da katin da ka sa aka rubuta: "Ga tsohon farantin tangaran nawa." Na san da zuciya ɗaya ka yi. Na cire katin kafin kowa ya gani. Na Monsur kalma ɗaya aka jera da fararen furanni, rabi kawai: Tangaran.

Ka tambaya a waya ko mun shirya. Ga abin da ya faru, ka yanke da kanka.

Ranar Talatar makon jiya, wajen sha ɗaya na safe, nas ta kira ni daga kicin. Idonsa a buɗe yake, kuma ya gane ni, a wannan ba na shakka. Na kama hannunsa. Ya ja numfashi ya ce, "Bulo."

Ya tsaya. Akwai agogo a kan durowa, kuma ka san halina, na ƙirga: daƙiƙa huɗu ne. A cikinsu na koma kan akwatin tuffa.

Sai ya sake jan numfashi, da ƙyar, kamar mai ɗaga buhu, ya ce, "Da siminti."

Maganarsa ta ƙarshe ke nan. Ya cika da rana.

Nas ta share hawaye ta ce, "Kai, 'yata ke nan yake nufi, ko? Na taɓa karantawa a jarida."

Monsur ya ce wataƙila hankalinsa ya gushe, bakin ne ya tafi da kansa. Mutumin kirki ne Monsur. Amma na ga wahalar da Baba ya sha kafin ya samo numfashin nan na biyu. Yana iya barinsa.

Edita ya bugo yau, yana son kalma ɗari shida a kan ɗaya daga cikin Kokni na ƙarshe, wato 'yan asalin unguwarmu masu zaurancen. Na ce masa na riga na rubuta.

Zan kwashe kayan gidan zuwa ƙarshen wata. Abu ɗaya nake roƙo: idan ka dawo, kada ka kira ni da sunan nan, ko da wasa. Duk wanda ya sayi jarida ranar nan ya san shi. Wanda ya san inda ake tsayawa yana ƙarƙashin ƙasa.

Ka sha magani, ka rufe wuyanka.

Matarka,
Lorraine