Bijiman Ƙanena Sun Hana Ni Sukuni

Malam Sada, don girman Allah ka taimake ni da shawara, domin abin da ke cina ko mai ɗakina na kasa faɗa wa. Ka yi haƙuri da rubutuna, a ajin yaƙi da jahilci na koya.

Ni manomi ne a Likoro. Ina da ƙane, Ya'u, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni ke riƙe da shi. Gonarsa fako ce, 'ya'yansa biyar. Kowace shekara kafin a gama noman farko hatsinsa ya ƙare, sai matarsa Zulai ta turo yara da ƙwarya bakin rumbuna. Ban taɓa mayar da su hannu wofi ba, ko da nawa 'ya'yan za su kwana da kunu.

Bayan samun mulkin kai aka zo da tsarin agaza wa talakawa: gidan da ya fi rashi a ba shi bijimai biyu da garma da takin zamani, ya riƙa biya sannu a hankali bayan kaka. Malamin gona ya zagaya gidaje. Da ya ga jakina da rumbuna biyu sai ya ce ba na cikin mabukata. Da a ce ya leƙa ciki, da ya ga ɗayan babu komai sai kashin ɓera. Ya'u aka ba.

Na yi masa murna, wallahi na yi. Amma yanzu dawarsa ta fi tawa, yaransa sun yi kumatu, har keke ya saya. Ni ina nan da garmar hannu, bayana ya sankare. A ƙofar masallaci shi ake tambaya zancen noma, ina zaune kamar ba ni na koya masa riƙon fartanya ba. Ran sallah Zulai ce ta aiko mana da nama, na kasa ci. Idan na ji kukan bijiman nan ta bayan danga sai in tashi in bar wurin.

Ga abin da ya sa na rubuto. An kafa sharaɗi kada a yi haya da shanun, ni kuwa na san yana yi wa mutanen ƙauyen Taba huɗa suna biyansa. Idan na kai magana za a ƙwace su. Rannan har na kama hanyar gidan dagaci, na juyo. Ina tsoron wata rana ba zan juyo ba.

Babban Wa, Likoro

Babban Wa, na ji kukanka, kuma ba duka ne hassada ba. An yi maka awo da ido. Jaki da rumbu ba arziki ba ne, kuma wasiƙu irin taka suna zo mini daga Ikara da Makarfi: an ɗaga na ƙasa, an bar wanda ya ɗara shi da kaɗan, alhali shi ya daɗe yana ɗauke da shi. Wannan gyara ne da ya kamata hukuma ta yi.

Amma ba Ya'u ya yi awon ba. Kuma ka duba da kyau, agajin nan ya shigo gidanka kai ma, domin hatsin da kake aunawa a ƙwaryar Zulai yanzu 'ya'yanka ke ci. Ranar da aka ƙwace bijiman, ba kai za a miƙa wa ba. Yaran nan biyar za su dawo bakin rumbunka, garin kuma zai san wanda ya kai ƙarar. Ina jin abin da ya fi yi maka zafi shi ne ƙanenka ya daina bukatarka. To, abin da ka yi shekaru kana roƙa masa ke nan.

Ka bar hanyar gidan dagaci. Ka kira Ya'u ku kaɗai, ka gargaɗe shi kan hayar nan kafin wani ya kai shi, aikin babban wa ke nan. Sannan ka ce masa bana gonarka zai fara yi wa huɗa. Ba roƙo ba ne, haƙƙinka ne, kuma mai yiwuwa nauyinka ne ya hana shi yi maka tayi. Kafin ruwa ya sauka ka nemi malamin gona ya sake duba gidanka, ka tafi da dattijo guda da ya san nauyin da ka ɗauka.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba ku damina mai albarka kai da ɗan'uwanka.

Malam Sada