Shirun da Muka Naɗa a Budapest

Yaya Piroska,

Gaisuwa mai yawa. Ya yara, ya jikin Baba? Ni lafiya lau, barci ne kawai ya ɗan yi wuya.

A wurin aiki muna naɗar sautin kiɗan bale, rawar nan da ake yi a kan yatsun ƙafa. In an gama, masu goge sukan yi tsit, mu naɗi shirun ɗakin. Da na saurari na jiya, sai na ji gogen Baba a ciki, har da tarin da yakan yi kafin ya fara. Maigidana Vilmos ya saurara, ya ce, "Yunwa ce, je ka ci abinci." Ƙila gaskiyarsa.

Yau na sake saurara. Gogen yana nan, amma tarin ya ɗauke.

Yaya, don Allah kada ki ɓoye mini komai.

Allah ya tsare ku.

Ƙanenki,
Dezső