Kwaɓin da Nake Bari Ya Kwana Uku

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku bayar kafin ranar Asabar, in ta wuce nan ba ta da sauran amfani.

Ni magidanci ne, na haura hamsin, a unguwar Mandawari nake zaune. Lebura ne ni a ɗakin gwaje-gwaje na wata cibiyar bincike, na daɗe a can. Ban yi boko ina yaro ba, sai bara na shiga ajin yaƙi da jahilci a Shahuci, bayan la'asar.

Dokta da nake aiki a ƙarƙashinsa wata farar hoda yake haɗawa, ziyolait suke ce mata. Da tokar buntun shinkafa ake yin ta, da farar ƙasa da soda, a kwaɓa, a zuba a tukunyar ƙarfe, a gasa. Ya taɓa ce min tana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani, kamar rariya. Idan aka dafa totuwar masara aka tatso wani ruwa mai ƙaurin sukari, aka bi da shi ta cikin hodar nan da zafi, sai ya koma sinadarin da masana'antu ke saye su yi roba da fenti. Kwaɓin aikina ne tun farko. An liƙa takardar yadda ake yi a bango da Turanci, babu wanda ya tambaye ni ko ina iya karantawa, ni ma ban faɗa ba. Sau ɗaya aka nuna min awo na riƙe. Amma mu gidanmu marina ne, na tashi a karofi, na san duk abin da aka haɗa da toka ba ya kamawa sai ya kwana. Saboda haka in na kwaɓa sai in rufe bokitin in ajiye a sito kwana uku, sannan in kai wuta. Na ɗauka haka takardar ta ce.

Akwai wani ɗalibi mai neman digirin dokta, bari in kira shi Nazifi. Shekara uku yana aiki da hodar da nake haɗawa, sakamako yana fita da kyau, har ana zuwa daga wasu wurare a gani. Da na fara ajin nan, sai na kama ɗabi'ar tsayawa gaban kwalabe ina bin baƙaƙe da yatsa ina haɗawa da baki. Wata rana ya ɗauke ni bidiyo ban sani ba, ya rubuta Farfesa Buntu a kai, ya tura gurup ɗinsu. Cikin mako guda ya iso unguwarmu. 'Yata da ke sakandare ta dawo gida tana kuka, ta ce ƙawayenta suna kwaikwayon yadda nake jan baƙi. In na wuce majalisa sai a ce, "Farfesa, a zo a karanta mana allon shagon can mana." Da na sami Nazifi na yi masa magana a hankali, dariya ya yi, ya ce, "Haba Baba, wasa ne fa, ai ka yi suna kyauta." Bai tsaya nan ba, ya je ya gaya wa Dokta wai haɗari ne a bar wanda bai iya karanta kwalba ba yana taɓa sinadarai. Aka cire ni daga kwaɓi, aka ba ni tsintsiya da wankin tukwane.

Tun daga ranar Nazifi yake kwaɓawa da kansa, kuma tun daga ranar hodar ba ta sake yin aiki ba. Ya canza soda, ya canza ruwa, ya sa an gyara abin gashin. Da farko ni ma ban gane ba. Sai na kwafe takardar bangon nan a littafina baƙi bayan baƙi, na kai wa malamar ajinmu ta fassara min. Ta ce an rubuta a juya awa ɗaya, a kai wuta nan take. Babu maganar kwana ko ɗaya. Nan na gane komai, wata biyu ke nan.

Jama'a, abin da na zo faɗa shi ne na yi shiru da gangan. Kullum da safe sai in gaishe shi in ce, "Malam Nazifi, ya aikin, ta fito kuwa?" Na san amsar, fuskarsa nake so in gani. Ni nake kankare tukwanen da suka lalace, ina yi ina jin sanyi a raina. Yaron ya rame, wandonsa har faɗuwa yake. Yanzu an kafa masa kwamiti, ana zargin ƙirƙirar sakamakon baya ya yi. Dokta ya janye jikinsa, ya ce shi bai san abin da yaron ya riƙa rubutawa ba. Makon jiya mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye, ta same ni ina shara, ta durƙusa ta ce, "Baba, kai da kake kusa da shi, ka taya shi da addu'a." Na ce Allah ya ba da sa'a, na ci gaba da sharata.

Ranar Laraba za a gwada sabuwar hodar da ya haɗa a gaban kwamitin. In ba ta yi ba, sun ce korar sa za a yi, kuma ba zai ƙara samun aikin koyarwa ko'ina ba. Kwana uku a bokiti da yini ɗaya a wuta, shi ya sa na ce Asabar.

Maiɗakina ta ce ko kallonsa kada in yi, wai ranar da 'yarmu ta ƙi zuwa makaranta shi yana ina. Ta kuma ce in na buɗe baki na amsa da kaina cewa shekara da shekaru ban bi takarda ba, kuma duk abin da Dokta ya wallafa da kuskure a ciki, mutum irinsa ba zai yafe wa lebura wannan ba. Tana da gaskiya. Makullin sito yana hannuna, zan iya kwaɓawa a ɓoye in musanya da kwaɓin Nazifi, ya tsira bai san dalili ba, amma gwaji na gaba zai sake faɗuwa. Ko in kira shi gefe in gaya masa, ya je ya ce shi ya gano.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ba tsoron kora ne ya rufe min baki ba. Daɗi nake ji, kuma ban taɓa sanin ina da wannan halin ba sai yanzu. Yaron bai ƙirƙiri komai ba, ni kaɗai ne shaida a duniya. Malamai da iyaye na wannan zaure, in faɗa a gaban Dokta, in taimaki yaron a ɓoye, ko in bar Larabar ta zo? Kuma in na bar ta ta zo, me sunan abin da na aikata?